Ɗakin D Ya Ƙi Buɗuwa

Alhamis, 8:20 na safe

Yaya ya ce duk abin da kwamfuta ta yi wanda ban gane ba in rubuta a littafin nan, da rana da lokaci, in ya zo ya duba. To ga shi na fara. Wata biyu ke nan da zuwana garin nan. Aikina a shago shara ne da fotokofi da haɗa takardu, buga rubutu kuwa na Yaya ne. Yanzu da yake kwance a asibiti, Anti, matarsa, ta ba ni makulli ta ce in riƙa buɗewa kada mutane su ɗauka an tashi.

Na kunna, ta tashi, sai dai ta daɗe. Cikinta ɗaki biyu ne, C da D, haka Yaya ya koya mini. C nata ne, D kuma nan yake ajiye aikin mutane. Na danna D sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci da wurin dannawa biyu. Na kwafe shi harafi-harafi a bayan littafi, na rufe shi ta sama. Dokar Yaya ce, abin da ba ki iya karantawa ba kada ki ce masa to.

Alhamis, 2:05 na rana

Na kashe na kunna sau huɗu. Akwatin nan dai.

Juma'a, 10:40 na safe

Tela na shagon kusa ya leƙo aron tsintsiya. Manaja yake kirana tun da aka ba ni makulli. Na nuna masa, ya sa gilashi ya karanta da kyar, ya ce wai cewa take sai an yi wa D fomatin kafin a shiga. Na ce mene ne fomatin. Ya ce wanki ne, wanki sosai. Ya taɓa yi wa katin wayarsa, ya dawo kamar sabo. Na ce hotunan da ke ciki fa? Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce hotunan dai sun tafi, amma katin ya gyaru.

Na ce ya tafi da tsintsiyar.

Juma'a, 12:15 na rana

Abin da ke D wanda na sani: wasiƙun neman aiki, katin biki, takardun 'yan makaranta. Waɗannan masu su suna da kofi a hannu. Wanda ba shi da kofi ko ɗaya shi ne littafin Mama Nas. Tsohuwa ce, ta yi shekara arba'in tana aiki a ɗakin haihuwa, yanzu idonta ya tafi. Duk Talata tana zuwa ta zauna a kujerar roba tana faɗa Yaya yana bugawa, kusan shekara guda ke nan. Ba a takarda take karantowa ba, daga kanta yake fitowa. Yaya ya ce sai an gama za a fitar da shi gaba ɗaya don kada a ɓata takarda.

Asabar, 5:30 na yamma

Na je asibiti wurin Yaya. Minti goma suka bari. Ban tambaye shi maganar D ba.

Litinin, 9:10 na safe

Yau tana wani ƙis, ƙis, ƙis a ciki, sau uku sai ta huta, sai ta sake. Na sa kunne a jikin akwatin kwamfutar. Da ba ta yi. Ko tana yi ban lura ba, don da Yaya rediyo yake kunnawa.

Na goge ta da tsumma, na busa ƙurar baya, na danna duk wayoyin su shiga sosai. Na kunna sau uku. Akwatin nan dai.

Litinin, 3:45 na yamma

Wani ya kawo wasiƙa rabin shafi. Na buga masa a C da yatsa biyu, awa ɗaya da kwata. Ya ce da hannu ya rubuta da tuni an ɗauke shi aikin har ya yi ritaya. Na yi dariya don shi ma dariya yake. Amma ya karɓa.

Talata, 11:00 na safe

Mama Nas ta zo. Ban yi zaton za ta zo ba, don ta san ba ya nan, tana zaune a kujerar nan ranar da ciwon ya kama shi. Mai mota ya sauke ta, ta shigo da sandarta ta lalubi kujerarta ta zauna. Ta tambayi jikin Yaya, na ce da sauƙi. Ta tambaya yana haɗiyar ruwa, yana motsa ƙafa, wane gefe ne. Na amsa wanda na sani. Ta gyaɗa kai. Nas ce, ta san abin da amsoshin suke nufi, ni ban sani ba.

Sai ta ce, 'yar nan, littafina yana nan?

Na ce yana ciki, Mama.

Ba ƙarya na yi ba. Yana ciki, ƙofar ce ta ƙi.

Ta ce ta tambaya ne don kwanan nan sunaye suna gudu mata. Jiya ta nemi sunan likitan da ta yi shekara tara tana aiki da shi, har yamma bai zo ba. Wai duk abin da ta faɗa wa Yaya kamar kaya ne ta sauke, in aka ce ta sake ɗauka wuyan ba zai iya ba. Ta zauna har sha biyu kamar yadda ta saba, sannan ta tafi.

Talata, 4:00 na yamma

Sau biyar na kunna yau. Na san ba amfani. Hannuna ne yake zuwa.

Laraba, 1:30 na rana

Zan rubuta yadda ya faru ba ƙari.

Anti ta biyo daga can da kwandon kwanuka, idonta ja, kayan jikinta na shekaranjiya. Ta tarar da mutum biyu suna juyawa don na ce babu aikinsu na D. Ta tambaya, na faɗa mata, na faɗi abin da Tela ya ce. Ta ce to in wanki take so a wanke ta mana, shago ba zai zauna haka ba. Na ce littafin Mama Nas. Ta ce ita yanzu mutum take nema ya tashi, ba littafi ba.

Na ce Yaya ya ce kada a danna.

Ta ce, Yayan yana ina?

Ta ja maus ɗin ta danna, wani akwati ya fito ta sake dannawa. Na tsaya a bayanta. Ban riƙe hannunta ba, matar yayana ce. Wani koren layi ya ɗan taho, ya tsaya. Ƙis, ƙis, ƙis. Mun fi minti ashirin muna kallonsa. Sai wani akwatin ya fito da jan tambari.

Na kira Tela. Ya karanta ya ce wai ta kasa gama fomatin ɗin. Ya ce, Manaja, kwamfutarku ko wanka ba ta yarda a yi mata, halin ɗana na uku ke nan.

Anti ta zauna a kujerar roba ta rufe fuska da mayafi. Na ɗebo mata ruwa. Da za ta tafi ta ce in yi yadda na ga ya dace, ita kanta ya cika.

Alhamis, 7:50 na safe

Ban sani ba ko ya wanke rabi ya bar rabi. Ban kunna ba.

Alhamis, 3:20 na yamma

Tela ya raka ni wurin wani mai gyara a layin masu waya, hawa na biyu. Ni na ɗauki akwatin kwamfutar a ka, shi ya riƙe wayoyi yana ta ba mutane hanya kamar shi ne da kayan. Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gemu, shagonsa ko wurin sa ƙafa babu. Ya san Yaya. Ya tambayi jikinsa, Tela ya amsa, ni na kalli ƙasa.

Na fara bayani ina haɗa gaba da baya, sai na miƙa masa littafin nan. Ya karanta tun daga farko har Turancin da na kwafa a baya. Ya ce shekara ashirin yana aikin nan, kowa cewa yake haka kawai ta yi, ba wanda ya taɓa kawo masa rana da lokaci. Na ji daɗi. Sai ya ƙirga da biro ya ce sau nawa na kunna duka, har wanda ban rubuta ba. Na ce zai kai ashirin da uku. Ya cire gilashi ya ce, ƙanwata, mai ciwon ƙafa kika sa gudu sau ashirin da uku.

Ya buɗe akwatin ya nuna mini. Ashe D wani ƙarfe ne daban mai kamar ƙaramin littafi. Had dis yake ce masa, ni faifai zan riƙa rubutawa. Ya canza masa waya, bai yi ba. Ya sa shi a tasa kwamfutar, akwatin nan dai ya fito. Ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa ya sa ƙotar a kunne yana saurare kamar likita.

Ga yadda ya gane da ni. Faifai kamar babban sito ne, a bakin ƙofa akwai takarda mai faɗin wane kaya yana wane lungu. Takardar ce ta yage, shi ya sa kwamfuta take ganin kamar ba komai, take cewa a share a sake sabuwa. Kayan wataƙila suna nan. Amma daɓen siton ma ya fara rubzawa wuri-wuri saboda tsufa, ƙis-ƙis ɗin ke nan, kuma shi ya hana fomatin ɗin Anti wucewa. Da ya wuce muka zuba sabon aiki a kai, da sai dai haƙuri.

Wato lalacewar ce ta tsare mana shi. Na kasa gane ko in gode mata.

Juma'a, 9:30 na safe

Akwai abin da ya tambaye ni jiya ban rubuta ba. Ya ce ranar ƙarshe da ta yi aiki lafiya, yaya aka kashe ta.

Na ce ban tuna ba.

Juma'a, 2:10 na rana

Na koma na faɗa masa. Ranar Talatar ce. Mutane sun cika shago, an samo mota, an fita da Yaya, Anti tana ta kira a waya, Tela yana cewa rufe ki biyo mu. Kwamfutar tana kunne, rubutu a fuskarta, ƙaramar fitilar gaba tana ƙiftawa. Yaya ya sha gaya mini in tana ƙiftawa ajiya take, ba a taɓa ta. Na sani. Na zare wayar daga bango na kulle ƙofa.

Na ce ni ce ko?

Ya ce faifan ya girme wasu masu aure, ko ba ni ba yana hanya. Amma zarewar ta taimaka, ba zai ɓoye mini ba. Sai ya ce da shi ne a wurin, da ko ƙofar ba zai tsaya kullewa ba.

Na fi son da ya faɗi gaskiya. Amma na yi kuka a matakala.

Asabar, 11:15 na safe

Ya ce ba za a nemi komai a jikin faifan ba, zai mutu a hannu. Sai an kwashe shi duka, mai kyau da marar kyau, zuwa wani lafiyayye, sannan a yi bincike a can. Kwashewar za ta ɗau kwanaki. Ya cire shi ya ɗora a kan bulo, ya saita masa fanka shi kaɗai, mu muna zufa. Fuskar kwamfutarsa ta cika da ƙananan gidaje kamar zanen tabarma. Wanda aka kwashe lafiya ya zama kore, wanda ya ƙi ya zama ja.

Yana fita aiki da rana, ya ce in na rufe shago in zo in zauna. In ƙis-ƙis ya yi yawa ko na taɓa na ji zafi kamar kofin shayi, in danna wuri kaza ya huta.

Litinin, 4:40 na yamma

Kore 612. Ja 9.

Duk ja in ya fito sai in ce wace magana ce ta Mama a nan. Ko ta motar da ta maƙale a ruwa aka haihu a bayanta, na ji wannan ina shara. Ko katin bikin wani ne da an riga an yi har an haihu. Ba a ganewa, duk girmansu ɗaya.

Talata, 11:20 na safe

Mama Nas ta zo, ta lalubi tebur ta ji wayam. Na faɗa mata duka, har zare wayar. Ta saurara har na gama. Ta ce a ɗakin haihuwa wadda ta yi kuskure ta faɗa da wuri ita ake bar wa makulli, wadda ake tsoro ita ce mai cewa komai lafiya. Sai ta tambaya yana da rai ko ya mutu, faifan. Na ce yana kan bulo ana yi masa fifita. Ta yi dariya har da tari, ta ce to an kwantar da shi ke nan, a bar ma'aikata su yi aikinsu.

Da ta tashi ta ce, in ya fito ko rabi ne ina so.

Laraba, 3:05 na yamma

An ɗauke wuta yana tsakiya. Batirin mai gyara ya hau kuka, na danna wurin hutu kamar yadda ya nuna. Da wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ja 31.

Alhamis, 6:00 na yamma

An dawo da Yaya gida. An sauko da katifa falo don matakala. Da hagu yake riƙe cokali. Ya kalle ni ya daɗe, bakinsa ya motsa. Anti ta ce Auta yake cewa. Wataƙila.

Juma'a, 12:40 na rana

Faifan ya tsaya da kansa da safe, ko ƙis ɗin babu. Mai gyara ya ce ya ba da abin da zai bayar, saura kaɗan ne bai kai ba. Ya miƙo mini shi, da ɗumi har yanzu. Na ce ko yanzu a yi masa fomatin ɗin ya koma aiki. Ya ce ko ya yarda kada in ƙara ba shi amanar ko sunana.

Litinin, 5:15 na yamma

An samu. Amma sunayen duk sun tafi tare da takardar bakin ƙofa, lambobi ne kawai, sun fi dubu. Sai an buɗe ɗaya-ɗaya. Kwana biyu ina yi. Wasu lafiya lau, wasu in ka buɗe sai tarkacen alamomi kamar an zubar da akwatin allura. Na Mama ina gane su don Yaya yana fara kowanne da Talata da kwanan wata. Na tara talatin da takwas. In an ƙirga Talatocin ya kamata su kai arba'in da huɗu.

Mai gyara ya sa wani faifan a kwamfutarmu, ya yi masa fomatin a gabana, minti biyu ya wuce sumul. Ya zuba su a D, ya zuba a filash, ya ce gobe in fitar a takarda ko ta ƙare. Abu ɗaya a wuri ɗaya, in ji shi, ba ajiya ba ce.

Anti ta ba ni sabon bandir na takarda.

Talata, 2:30 na rana

Tun tara muke. Ina karantawa Mama tana saurare, karatuna da tsayawa, tana gyara mini sunayen magunguna. Ashe Yaya yana saka nasa a tsakiya. A nan ta yi dariya. A nan ta ce a cire, amma kada a cire. A tambaye ta shekarar. Na karanta mata har da su. Ta ce ashe ɗan banzan nan bai cire ba.

Na motar da ta maƙale a ruwa yana nan. Sunan likitan ma yana nan, da na faɗa ta maimaita shi sau uku. Wai tsaka yake tsoro, babban mutum.

Shida babu. Na faɗa mata kwanan watansu. Biyu ta tuna abin da ta faɗa, huɗu ta ce sun bi ruwa. Sannan ta ce ta taɓa fita daga ɗakin haihuwa da hannu biyu babu komai, wannan ai da kaya ta fito.

Talata, 4:10 na yamma

Na ƙarshen shi ne na ranar. Ban yi zaton yana ciki ba, mai gyara ya ce kwamfuta tana ajiye na wucin gadi da kanta. Shafi biyu ne na maganar wata mata da ta zo haihuwar fari ita kaɗai, ba wanda ya rako ta. Na karanta har inda aka rubuta, sai na riƙe hannunta na ce mata. Daga nan babu kalma. Harafi ɗaya ne ya tafi a jere, layi bayan layi, shafi uku da rabi. Yana gefen dama na kibod.

Na tsaya. Mama ta ce ci gaba. Na ce nan ya ƙare. Ta ce ba haka numfashina ya ce ba, me ke wurin.

Na faɗa mata.

Ta juya fuska wajen kujerar Yaya, inda nake zaune. Ta ce ita tana ta magana ranar, ta ji bugun ya tsaya, ta ɗauka jiranta yake. Ta kai minti nawa tana zuba kafin ta kira sunansa. Shekara arba'in tana gane mutum daga numfashi, ranar ba ta gane ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Na ce in goge su?

Ta ce a'a, bar masa. Sauka ƙasa.

Na danna na sauka layi biyu. Na rubuta Talata da kwanan wata yadda yake yi. Na ce mata ni yatsa biyu gare ni, sai ta yi a hankali. Ta ce ita ma yanzu a hankalin take tunawa.

Ta gyara zama ta jingine sandar. Ta ce, karanta mini inda ya tsaya.

Na ce, sai na riƙe hannunta na ce mata.

Ta ce, to rubuta. Na ce mata ba ke kaɗai ba ce a ɗakin nan.